Ridin Agwada Na Bukatar Masu Iya Saita Manhaja

Jihar Nasarawa na sahun gaba wajen noman ridi a ƙasar nan, kuma manoman Agwada da sauran ƙauyukan yankin Keffi sun san yadda dillali ke karya farashi da zarar ya damƙi ridi ya ji tsakuwa a tafin hannunsa. Masu saye daga Japan da Turkiyya tsabta suke biya. A manyan masana'antu, injin tantance launi ne ke aikin tsabtacewar: ƙwayoyi na gangarowa ta kwararo a guje, kyamarori na ɗaukar hotonsu, manhaja kuma ta yanke hukunci kafin ƙiftawar ido, ta umarci wani siririn bututu ya feso iska ya ture baƙar ƙwaya ko tsakuwa gefe. Idan umarnin ya makara ko kaɗan, gurɓatacciyar ta wuce, mai kyau ta faɗa shara.

Shi ya sa nake ganin kuɗin horar da masu saita manhajar ya fi kuɗin sayo ƙarfen muhimmanci. Saitin da ya dace da shinkafa ba zai yi wa ridi ba, farin ridi ma daban yake da ja, ga ƙurar hunturu da ke dusashe gilashin kyamara. Injin da sai an jira injiniya daga waje kafin a gyara masa saiti, asara yake tarawa. Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi da kwalejin fasaha ta tarayya da ke garin Nasarawa suna yaye ɗaliban kwamfuta; ya kamata gwamnati ta ajiye musu irin wannan inji su koya a kansa, ƙungiyoyin manoma kuma su riƙa kawo amfaninsu ana tace musu.

Za a ce ina wutar lantarki? Gaskiya ne, amma cibiya ɗaya mai sola ta ishi ƙauyuka da dama. Za a ce matan da ke sheƙa da bakace za su rasa abin yi; aikinsu na farko yana nan, injin kuwa ragowar da ido ya kasa gani yake tsincewa. Ƙorafi mafi nauyi shi ne kyamara ba ta ganin guba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da waken Najeriya saboda maganin ƙwari, don haka dole cibiyar ta haɗa da ɗakin gwaji.