Darasin Goyaniya: Alhakin Wa Ne Ƙarfen da Aka Yasar?

Duk lokacin da aka ambaci haɗarin nukiliya, hankalin jama'a yakan tafi Charnobil, inda babbar tashar lantarki ta fashe a shekarar 1986, sa'an nan kowa ya yi ajiyar zuciya ya ce ai wannan masifar manyan ƙasashe ce. Alhali kuwa shekara guda kacal bayan wannan, wani bala'in ya auku a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, ba tare da wata tasha ko bam ba. Abin da ya jawo shi ɗan garin sinadari ne da bai kai giram 100 ba. Wannan labari shi ne ya fi kusa da ƙofar gidan talaka, kuma shi ya kamata hukumomi su riƙa tunawa.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 1985 wani asibitin kuɗi mai yi wa masu ciwon daji gashi ya tashi zuwa sabon mazauni, ya bar tsohuwar na'urarsa guda a cikin kango. A cikin na'urar akwai wani ɗan gwangwani mai ɗauke da sinadarin sisiyom-137, wanda ke fitar da tururin nukiliya, tururin da ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙar warinsa, amma yana ratsa jiki ya ƙona tsoka da ɓargo. Shari'a ta sarƙe a kan filin, ginin ya zama kufai, na'urar kuwa tana nan zaune.

Ran 13 ga watan Satumba na 1987, waɗansu 'yan jari-bola biyu suka shiga kangon, suka kwance kan na'urar, suka tura shi gida a baro. Tun a ranar suka fara amai, suka ɗauka wani abu suka ci. Bayan sun huda gwangwanin, sai suka sayar wa wani mai gidan gwangwan. Da dare ya yi, mutumin ya ga wani shuɗin haske yana fitowa daga cikin ƙarfen, ya zaci ya tsinci dukiya. Ya shigar da shi ɗaki, ya kira dangi da abokai su sha kallo, har ya rarraba musu ɓarɓashi. Waɗansu suka shafa a jiki don ya yi ƙyalli. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da garin, ta kuma ci abinci da hannun.

Mako biyu cur aka yi guba na yawo gida-gida, likitoci suna ta laluben cutar a inda ba nan take ba. Wadda ta gane bakin zaren ba malamar kimiyya ba ce. Matar mai gidan gwangwan ce ta lura tun da ƙarfen nan ya shigo ciwo ya addabi gidanta. Ran 28 ga wata ta sa shi a jaka, ta hau bas, ta kai ofishin duba-gari. Kashegari wani masanin kimiyya ya zo da na'urar awo ya tabbatar da abin da ke ciki, ya kuma tarar 'yan kwana-kwana suna shirin jefa jakar a kogi, ya hana su. Da ya makara kaɗan, da labarin ya fi haka muni.

Mutum 4 suka rasu cikin watan Oktoba: yarinyar, da ita matar da ta ceci gari, da samari biyu ma'aikatan gidan gwangwan. An auna mutum wajen 112,000 a filin wasa, aka sami 249 da gubar a jikinsu ko a tufafinsu. An rushe gidaje, an kankare ƙasa, an tara shara mai guba kimanin mita 3,500 murabba'in dunƙule, aka kai ta wajen gari aka killace. Da aka zo binne yarinyar cikin akwati mai rufin dalma, jama'a suka yi dafifi suna jifa don kada a sa ta a maƙabartarsu. Kayan amfanin jihar suka yi kwantai, mutanenta suka zama abin gudu. Shi kuwa sisiyom sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, wato jikokin mutanen wancan zamani ma gadin sharar za su gāda.

To, laifin wa? Akwai masu cewa na ɓarayin ne, domin da ba su taɓa kayan da ba nasu ba, da ba a yi haka ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai ga tushe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Mai tsintar ƙarfe bai san abin da ya ɗauka ba. Waɗanda suka sani su ne masu asibitin da suka tafi suka bar shi, da hukumar da ta ba da lasisi amma ba ta bi sawu ba. Shi ya sa aka gurfanar da likitocin asibitin gaban shari'a. Wanda ya san maciji ne a cikin tulu, ya ajiye tulun a bakin hanya, ba ya da bakin zagin yaron da ya buɗe.

Kada kuma a ce tsautsayi ne na rana ɗaya. A ƙarshen 1983, a garin Huwares na Meziko, an sayar da irin wannan na'ura mai kobal-60 a matsayin gwangwan, aka narkar da ita cikin rodin gini da ƙafafun tebur. A shekarar 2000 mutum 3 suka mutu a Samut Parakan ta ƙasar Tailan, a 2010 kuma mutum guda ya mutu a kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi. Hanyar duk ɗaya ce: mai ilmi ya yasar, matalauci ya tsinta, guduma ta fasa.

Nijeriya ba ta da hujjar naɗe hannu. Asibitocinta suna amfani da irin waɗannan sinadarai, haka ma kamfanonin haƙar mai da masu auna walda a bututu. A ƙarshen 2002 waɗansu daga cikinsu sun ɓace daga hannun wani kamfanin aikin mai a yankin Neja-Dalta, sai daga baya aka gano su cikin tarkacen ƙarafa a Jamus. Ga kuma dubban matasa da ke cin abinci da sana'ar gwangwan, suna fasa duk abin da suka samu da hannu tsirara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganin ba shi ne a kori na'urorin ba, domin masu ciwon daji a ƙasar nan ƙarinsu suke bukata. Maganin shi ne riƙon amana. Akwai dokar 1995 da ta kafa hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2001. Lalle ne a ba ta isasshen kuɗi da ma'aikata, ta san inda kowane gwangwani yake tun daga ranar shigowarsa har ranar fitarsa. Kada a yarda wani asibiti ko kamfani ya sayo na'ura sai ya nuna yadda zai mayar wa maƙerinta idan ta tsufa. Wurin da ya rufe, ko ya shiga rikicin shari'a, a fara kwashe gubar kafin a saurari lauyoyi.

Daɗin daɗawa, a kafa na'urorin awo a tashoshin jiragen ruwa da masana'antun narka ƙarfe da manyan gidajen gwangwan. A bi ta kan shugabannin 'yan sana'ar da gidajen rediyo a koya wa mutane, da harshen da suke ji, alamar nan mai fukafukai uku, da sabuwar da aka ƙara a 2007 mai hoton ƙoƙon kai da mutum yana gudu. A sanar da su cewa ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, wanda aka liƙe da dalma, abin nisanta ne, kuma wanda ya kawo rahoto godiya zai samu, ba ɗauri ba. Likitoci su ma a tuna musu cewa ƙuna ba wuta, tare da amai da zubar gashi a gida guda, abin tuhuma ne.

Mutanen Goyaniya sun sayi wannan darasi da rayukan 'ya'yansu. Sauran ƙasashe kyauta suka same shi, kuma hukumar da ta ƙi karatu bayan an biya mata kuɗin makaranta ba ta da uzuri ranar da aka tambaye ta. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye.