Tsofaffin gangunan orkes: wa ke da ikon sallamawa, kuma a kan nawa?

Yau za mu tattauna a kan wata haja wadda ba ta da rumfa a kasuwar Madawa, ba ta da sanannen dillali a Buza ko Keita, amma ana cinikinta cikin zaure, kuma galibi mai sayarwa ne ke kwana ciki. Hajar ita ce tsofaffin gangunan orkes, waɗanda makaɗan zamani ke kira batiri: babbar ganga da ake bugawa da ƙafa, da ƙanana biyu ko uku, da guda mai zaren ƙarfe a ƙarƙashinta, da faya-fayan tagulla da ake ce wa simbal.

A zamanin Janar Saini Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta yi tashe, kuma a bikin matasa na ƙasa kowace jiha tana son ta fi ƴar'uwarta wasa da kiɗa. Jihar Tawa ba a bar ta a baya ba: daga nan ne orkes ɗin Azna na Adar ya fito a ƙarƙashin Mona, kuma a Tawa aka soma gasar Ɗan Gurmu a 1987. Wasu kayan kiɗan hukuma ce ta saya wa gidajen matasa, wasu kuwa ƴan kasuwa da ƴan ci-ranin Adar ne suka shigo da su daga Ikko ko Abijan. Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta yi sanyi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin duk wani kaya na waje ya ninka, sauya fata ko sukurori ya zama wahala. Daga bisani orga da kwamfuta suka karɓe aikin mai ganga a wurin biki. Haka gangunan suka koma ɗakin ajiya, tare da gara da ƙura.

Tambaya ta farko, tun kafin a zo batun kuɗi, ita ce: na wane ne? Ganguna iri uku ne a nan, kuma kowane iri da hukuncinsa.

Na farko, na hukuma. Ma'aikacin da ya tarar da su a gidan matasa ko a lakwal, ya sani dukiyar ƙasa ce, ko da shekara talatin ba a taɓa su ba. Kayan gwamnati suna da hanyar fita: a rubuta cewa sun daina aiki, a cire su daga rajista, a yi gwanjonsu a bainar jama'a, kuɗin ya shiga baitulmali. Wanda ya bi ta bayan gida ya jawo wa kansa shari'a, shi da ɗan kasuwar da ya saya.

Na biyu, na gado. Idan makaɗi ya rasu, gangunansa suna cikin dukiyar da za a raba, kamar gona da awaki. Sai dai a ƙasar Hausa akwai gidajen da ba su son a ce mahaifinsu makaɗi ne, saboda haka babban ɗa yakan yi gaggawar rabuwa da kayan ga duk wanda ya fara tayawa, ba tare da ya shawarci mata da ƙanana ba. Wannan gaggawa ita ce ribar mai saye.

Na uku, tambarin sarauta da makamantansa, irin waɗanda ke fadar Sarkin Gobir na Madawa da sauran fadodin Adar. Waɗannan ba su shiga kasuwa ko kaɗan, domin amana ce a hannun mai riƙe da su. Dokar 30 ga watan Yuni 1997 ta kare kayan tarihin ƙasarmu, kuma Nijar tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana safarar irin waɗannan kaya. Mun ga yadda aka kwashe tukwane da mutum-mutumin Bura zuwa Turai. Mun kuma ga dutsen nan na duniyar Maris, mai kusan kilo 25, wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, aka yi gwanjonsa a birnin Niyok a watan Yuli na 2025 a kan dalar Amurka fiye da miliyan 5, har gwamnati ta buɗe bincike a kan yadda ya fita. Abin da ya tsallake iyaka, dawo da shi sai an sha wuya.

To, idan gangunan naka ne halal, yaya za ka san darajarsu? Haja guda ce, amma farashinta uku.

Akwai farashin mai sayen tsohon ƙarfe, wanda ke aunawa a kilo. Shi ne mafi ƙasƙanci, kuma a nan ake tafka babbar asara, musamman a kan simbal. Simbal mai kyau ana yin sa da jan ƙarfe kashi 80 da kuza kashi 20. Gidan Zildjian ya soma wannan sana'a a Istambul tun 1623, kuma tsofaffin da aka ƙera da hannu a can makaɗan duniya suna nemansu ido rufe, har guda ɗaya yana iya fin sauran gangunan duka kuɗi. A duba hatimin da aka buga a jikinsa, a auna nauyinsa da giram, a bi gefensa da ramin tsakiya da yatsa, domin tsagewa ko ƴar ƙarama tana karya farashi. Wanda ya miƙa irin wannan ga mai kilo, rashin sani ne, kaza ta kwana a kan dami.

Akwai farashin mai aiki da su: orkes, ko coci, ko makaranta. Shi abin da ya dame shi ƙara da ƙwari. Zai duba ko icen gangar yana nan a kewaye bai lanƙwashe ba, ko gara ta ci shi, ko hunturu ya tsaga shi, ko bakin da fata ke zama a kansa ya gutsure, ko ƙarafan ɗaurewa sun cika, ko takalmin bugun ƙafa yana aiki. Fata ba abin damuwa ba ce. Tun 1957 kamfanin Remo ke yin ta roba, ana sauya ta kamar tayar mota, kuma ko an ɗaura fatar akuya a madadinta, icen bai rage daraja ba. Gaskiyar magana, yawancin gangunan da ke hannun mutanenmu nan darajarsu ta tsaya, domin da dama masu araha ne tun daga masana'anta. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada.

Sai farashin mai tara kayan tarihi. Shi yana kallon suna da shekara da shaida. A jikin kowace ganga ta kirki akwai ƴar alamar ƙarfe mai sunan kamfani: Ludwig ko Gretsch na Amurka, Premier na Ingila, Sonor na Jamus, Asba na Faransa, Pearl ko Tama ko Yamaha na Japan. Sau da yawa akwai lamba a kanta, kuma siffar alamar kan nuna zamani. Alal misali, a 1969 ne Ludwig ya koma ga alama mai launin shuɗi da kore. A wajen irin wannan mai saye, fentin asali da ya koɗe ya fi sabon fenti daraja nesa ba kusa ba. Don haka kada a kai wa mai fentin mota, kada a huda sabon rami, kada a goge simbal da yashi ko toka. A share ƙura da tsumma kawai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shaida kuwa ita ce uwar farashi. A watan Disamba na 2015 an sayar da gangunan Ludwig na Ringo Starr, makaɗin Beatles, a kan dalar Amurka fiye da miliyan 2. Ice da ƙarfensu iri ɗaya ne da na dubban ƴan'uwansu; abin da aka biya shi ne tabbacin wanda ya buga su. Kada a ce wannan sai Turawa. Kaset ɗin da Mamman Sani ya naɗa da orgarsa a Yamai a 1978, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, duniya ta saurara, kuma kamfanin nan ya fitar da faifan Azna na Adar. Ke nan tarihin kiɗanmu yana da masu nema. Tsohon hoton orkes da gangunan a ciki, da takardar saye, da takardar yabo ta wata gasa, da bayanin tsohon makaɗi da aka rubuta ya sa hannu, duk kuɗi ne. Galibi su ake fara zubarwa ranar share ɗaki.

Amma a yi hattara da farashin da ake gani a intanet. Abin da mai kaya ya sa daban, abin da aka sallama daban. Yuro 500 kusan jika 328 ne, amma wannan farashin Paris ne. Daga Madawa zuwa Yamai kaɗai kimanin kilomita 500 ne, ga kuɗin jirgi, ga duwan, ga la'adar dillali, kuma duk daga aljihun mai sayarwa za su fita.

Ranar ciniki, ga shawarwarinmu. A jera kayan duka a rubuta su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoton kowace alama da kowane aibi, domin ɓoye aibi yana ɓata ciniki a shari'a da kuma a kasuwa. A sa wa simbal farashinsa dabam, ko da za a sayar a haɗe. A nemi tayi daga mutum uku aƙalla, kada a ji nauyin cewa albarka. A yanke la'adar dillali tun da fari. Wanda ya kira daga nesa ya ce a aiko da kaya kuɗi na biye, cinikin biri a sama ne. Idan an sallama, a rubuta takarda da shaidu biyu, magada duka su sa hannu.

Daga ƙarshe muna kira ga magadan gari na Madawa da Buza da Keita su sa a ƙidaya kayan kiɗan da ke gidajen matasa, a gyara masu gyaruwa a ba yara su koya. Wanda kuma ke riƙe da ganguna masu tarihi, kafin ya saurari baƙo, ya fara sanar da cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Ko ba su saya ba, sunan mai gangar da na garinsu za su shiga rubutu. Tsofaffin makaɗan da za su iya cewa wannan gangar ta wane ce suna raguwa kowace shekara, a je a tambaye su tun suna raye.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.