Magana Jari Ce Ba Littafin Yara Ba Ne

Kwanakin baya na halarci taron horar da matasa kan shugabanci a wani otal. Mai jawabi ya lissafo littattafan da ya ce dole duk mai son ya zama wani abu ya karanta, kaf ɗinsu daga Amurka. Wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Magana Jari Ce fa?" Sai zaure ya ɗauki dariya. Aka ce masa wannan ai na 'yan firamare ne.

Har yau dariyar nan tana ci mini rai, domin ra'ayin mutane da yawa ke nan: wai ƙagaggen labari abin kashe lokaci ne, na yara da matan da ba su da aikin yi. Ban yarda ba, kuma ina ganin wannan rainin yana jawo mana asara.

A sake buɗe Magana Jari Ce, littafin da Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a ƙarshen shekarun 1930. Me ya jawo yaƙi a cikinsa? Sarkin Sinari ya aiko da tayin aure tsakanin 'yarsa da Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, shi kuwa Abdurrahman ya mayar da amsa cikin wulaƙanci. Harshen mutum ɗaya ya tura dubban talakawa bakin daga. Da Abdurrahman ya fita yaƙin, wa ya bar wa gari? Wazirin da ya fi amincewa da shi, wanda tuni yake haɗa baki da abokan gaba. Abin da ya tsare ɗan sarki daga halaka shi ne aku, tsuntsun da aka sayo da kuɗi, wanda ya gane cewa ba a tare saurayi mai zafin kai da tsawa, sai da dabara, dare bayan dare. Ina mai horarwar da zai nuna maka haɗarin na kusa da kai a fili kamar haka?

Littafin Shaihu Umar ma haka. Makau, maigidan da ke cikin labarin, bai ci amanar kowa ba. Hassadar fadawa ce ta kai shi ƙara, sarki ya saurara, aka kore shi daga gari. Daga wannan hukunci ɗaya gida ya watse, yaro ya faɗa hannun masu satar mutane, uwa ta bi sawunsa har ƙetaren Sahara. Malamin makarantar da ya rubuta wannan labari, wanda aka buga a 1934, shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Tun kafin ya hau kujera ya san abin da kunnen shugaba ke iya jawo wa talaka.

Za a ce mini waɗancan na da ne, na yanzu soyayya ce kawai. Da wannan hujjar aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a 2007. To, wanda ya faɗi haka ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu? Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda sabuwar mace. Shugabanci ne wannan, na gida, inda yawancinmu muke riƙe da amana. Akwai tarkace cikin littattafan kasuwa, ban musa ba, amma ba a zubar da buhu don an ga tsakuwa.

Littattafan da aka yaba a otal ɗin suna koya maka yadda za ka cim ma burinka. Labari kuwa yakan tsayar da kai ka ga fuskar wanda burin naka zai taka, ka zauna da shi har ka ji zafinsa.

Malaman makaranta, shugabannin ƙungiyoyin matasa, ku dawo da littattafan nan gaban manya. Ku karanta su tare, ku yi gardama kan Waziri da Makau da Rabi. Kai kuma saurayin da aka yi wa dariya, tambayarka daidai ce.