Sharhi: Bryce Young da matsalar yi wa sabon kwatabak hukunci a kaka ɗaya

A watan Satumban 2024, bayan wasa biyu kacal da fara kakar ƙwallon Amurka ta NFL, kocin Carolina Panthers, Dave Canales, ya ajiye Bryce Young a benci ya ɗauko tsohon hannu Andy Dalton. Matashin da aka ajiye shi ne wanda ƙungiyar ta ɗauka a matsayin na farko cikin dukkan 'yan wasan jami'o'i a shekarar 2023. Masu sharhi da dama sun ɗauki matakin a matsayin amincewar Panthers cewa ta yi asarar ciniki.

Cinikin kuwa ba ƙarami ba ne. A NFL babu faɗawa ƙaramin rukuni kamar yadda aka sani a gasar Firimiyar Ingila. Ƙungiyar da ta zo ƙarshe ita ce ke fara zaɓar sabon ɗan wasa a shekara mai zuwa. Panthers ta sayi wannan dama ce daga Chicago Bears, inda ta bayar da gwanin cafke ƙwallonta DJ Moore da damar zaɓe huɗu, ciki har da ta zagayen farko a 2024. Duk wannan domin kwatabak ne, wato ɗan wasan da ƙwallo ke bi ta hannunsa a kusan kowane hari, shi ke karanta tsarin abokan hamayya, ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko uku, ya jefa.

Alƙaluman kakarsa ta farko ba su yi kyau ba. Ya fara wasa 16, aka ci biyu. Jifansa 11 ne suka kai ga ci, abokan hamayya suka cafke 10. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne C.J. Stroud, wanda Houston Texans ta ɗauka a bayansa kai tsaye, ya yi jifan ci 23, aka cafke masa biyar kawai, ya kuma lashe kyautar gwarzon sabon ɗan wasan kai hari. Sai aka koma maganar da aka daɗe ana yi, cewa Young gajere ne, bai kai mita 1.8 ba, ba ya hango fili ta saman ƙattin da ke gabansa.

To amma akwai wani adadi da ya fi waɗannan bayani. An kayar da Young sau 62 a wannan kaka kafin ya saki ƙwallo. Wani ɓangare laifinsa ne na riƙe ta fiye da kima, amma mafi yawa yana komawa ga mutum biyar da aikinsu shi ne su tsare shi. Ɗan wasan da ya kamata ya riƙa jefa wa, wato Moore, shi aka bayar wajen sayen sa. Kocin da ya kawo shi, Frank Reich, mai ƙungiyar David Tepper ya sallame shi bayan wasa 11. A irin wannan hali alƙaluma sun fi nuna yanayin ƙungiya fiye da ƙwarewar yaron, kuma tsarin zaɓen da kansa yakan tura ɗan wasa mafi hazaƙa zuwa gidan da ya fi lalacewa.

Tarihi ya ba da misalai ta kowane ɓangare. Peyton Manning an cafke masa jifa 28 a 1998, Indianapolis Colts ta ci wasa uku cikin 16. Troy Aikman bai ci ko ɗaya ba cikin wasa 11 da ya fara wa Dallas Cowboys a 1989, daga baya ya ɗauki kofin Super Bowl sau uku. Sai dai Josh Rosen ma ya yi mummunar kakar farko a Arizona Cardinals a 2018, aka sayar da shi bayan shekara guda, bai kuma farfaɗo ba. Ke nan mummunan farko ba ya tabbatar da komai, ko ta alheri ko ta akasin haka. Abin da masu tantancewa ke bi shi ne faifan wasa: idan an ba shi kariya, jifansa na isa inda ya nufa? Kuskuren da ya yi a Satumba yana maimaita shi a Disamba?

Abin da ke hana ƙungiyoyi haƙuri shi ne kuɗi. Tun yarjejeniyar 2011 aka ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa, don haka kwatabak yana da araha a shekaru huɗunsa na farko, lokacin da ƙungiya za ta iya kashe rarar a kan sauran gurabe. Kowace kaka da ta tafi wajen koyo, an ci daga wannan rangwame. Koci kuma ya san jiran yaro ya nuna na iya cinye aikinsa.

Young ya dawo fili ne ba da shiri ba, bayan Dalton ya ji rauni a babban yatsa a wani haɗarin mota a watan Oktoba. A lokacin Panthers ta riga ta kashe kuɗi wajen ƙarfafa masu tsaronsa, kuma wasansa ya sauya. A ranar ƙarshe ta kakar ya yi jifan ci uku, ya ci biyu da gudunsa, suka doke Atlanta Falcons da maki 44 da 38. Damar zaɓen 2024 da Panthers ta bayar kuwa ta zama ta farko, kuma da ita Bears ta ɗauki nata kwatabak ɗin, Caleb Williams, wanda aka kayar sau 68 a kakarsa ta farko.