MAI GIDAJEN HAYA YA YI MANA KARATU

Jama'a, akwai wani Alhaji mai gidaje da shagunan haya a birnin Kano wanda ba mu so mu ambaci sunansa, gama ba shi kaɗai ba ne, irinsa suna nan kowace unguwa. Mun zauna kusa da shi wurin wani ɗaurin aure, kafin liman ya iso ya buɗe mana makaranta, ba wanda ya roƙe shi. Tun daga kan dala har kan siminti, ba abin da bai yi fatawa a kai ba. Mun saurara da kyau, domin mutumin ba wawa ba ne, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Farkon karatunsa shi ne, wai duk wanda ya ajiye naira ya ajiye ƙanƙara a rana, mai hankali fuloti yake saye, ko gida, ko shago, domin ƙasa ba ta ruɓewa kuma ɓarawo ba ya saɓa ta a kafaɗa. Wannan kam ba mu musa ba. A watan Mayu 1923 ba mu nan balle mu ba da labari, amma a watan Mayu 2023 muna nan da idonmu: dala ɗaya a farashin gwamnati naira 460 ce da 'yan kai, aka saki naira a watan Yuni, kafin watan Fabrairu 2024 ya fita ta haura 1,500. Ran 29 ga Mayun nan kuma aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma ɗari biyar da ɗoriya, a watan Oktoba 2024 ta wuce dubu. Wanda ya riƙe takarda ya yi kuka, wanda ya riƙe bulo ya yi dariya.

To, amma ga inda gizo yake saƙa. Da bakin da ya gaya mana cewa faɗuwar naira ta ninka masa darajar gidajensa, da wannan bakin ya ce dole ya ninka kuɗin haya domin faɗuwar naira ta cuce shi. Af! Alhaji, wanne za mu ɗauka? Ko dai guguwar ta kawo maka ganima, ko ta kwashe maka rufi, amma ba ka ci ribarta da hannun dama sa'an nan ka miƙo mana hannun hagu kana neman diyya ba.

Hujjarsa ita ce siminti. Gaskiya ne buhun da ake saye wajen naira dubu biyar a ƙarshen 2023 ya haura dubu goma a farkon 2024, haka rodi, haka kwano, haka tifar yashi. Wanda ya yi gini a wannan shekara ya ji jiki, ba mu hana shi lissafinsa ba. Amma gidan da Alhaji yake magana a kai ya fi 'ya'yansa na fari shekaru. Simintin da ke jikin bangon nan an saye shi tun naira tana da mutunci, birkila da leburorin da suka ɗora shi wasu ma sun riga mu gidan gaskiya, 'yan haya kuwa sun biya kuɗin ginin sun sake biya. Simintin bana bai taɓa gidan ba. Da ya taɓa shi da masai bai cika ba, da makwararar ba ta toshe ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a gidan haya ɗan haya ne ya sani, gama shi yake tashi tsakar dare yana tara roba.

Mu koma kasuwa, inda abin ya fi ciwo. Kowa a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari ya san al'adar: kuɗin shekara a dunƙule, wani wurin ma na shekara biyu, ga la'adar dillali kashi goma cikin ɗari, kafin ka sa ko allura a cikin shago. Alhaji ya ce wannan ba zalunci ba ne, ciniki ne, wanda bai iya ba ya bari. Bari mu buga lissafi yadda ɗan tebur zai gane. A ce hayar shago naira dubu 300 ce a shekara, a ce kuma ɗan kasuwa yana juya jarinsa sau ɗaya a wata, yana samun ribar biyar cikin ɗari. In da wata-wata yake biya, dubu 25 ke nan, sauran kuɗin suna cikin kaya suna haihuwa, kafin shekara ta ƙare sun kawo masa sama da naira dubu 80. Da aka karɓe su a dunƙule wannan riba ta mutu, ba ta shiga rasit ba, ba ta shiga lissafin kowa ba. Watau hayar da aka ce dubu 300 ce, a gaskiya ta kusa dubu 400, ban da la'ada.

Kuɗin nan kuwa ina suka tafi? Alhaji da kansa ya faɗa mana yana murmushi: da kuɗin 'yan haya na bana yake sayen fuloti na baɗi. Ashe mu ne bankinsa. A watan Nuwamba 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke ba da rance, in ma sun yarda sun bayar. Shi Alhaji bai je layi ba, bai kai jingina ba, mai sayar da atamfa da mai awon gero sun ba shi rancen shekara guda kyauta, har suna durƙusawa suna godiya da ya karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zai ce ai biyan shekara yana kare ɗan haya daga ƙari a tsakiyar shekara. Ba biyan ne yake karewa ba, yarjejeniya ce. A rubuta farashin shekara a takarda, a sa hannu gaban shaidu, a riƙa biya wata-wata, ƙari ya tsaya ke nan. Ma'aikaci wata-wata ake biyansa, kuma mafi ƙarancin albashin da aka kai naira dubu 70 a watan Yuli 2024 ba dunƙule shi ake yi na shekara ba. Ɗan kasuwa kullum-kullum yake samu. Don me mai gida kaɗai zai ci shekararsa tun ba ta zo ba?

Da aka zo zancen gwamnati sai muryar Alhaji ta canja, ya zama talaka irinmu. Ya yi kuka da rusau ɗin watan Yuni 2023, lokacin da aka rushe shagunan Filin Idi da wasu gine-gine a Kano, ya ce gwamnati ɗaya ta ba ka takarda wata ta zo da katafila, ina amana? A nan ma yana da gaskiya, har ya fi yadda ya sani. Tun dokar Turawa ta 1910 ƙasar Arewa take hannun Gwamna, dokar 1962 ta bar ta a hannun gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya duka, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Takardar da Alhaji yake taƙama da ita izinin zama ce, galibi na shekara 99, kuma Gwamna yana da ikon soke ta in ya ce don amfanin jama'a ne. Ashe shi ma ɗan haya ne! Bambancin kawai, shi an ba shi shekara 99, kuma in an tashe shi yana da lauya, yana da kotu, yana da takardar da zai nemi diyya da ita. Wanda ya biya shi hayar shekara a dunƙule, aka rushe shagon ko gobara ta cinye shi a wata na uku, kamar yadda wuta ta ci kasuwar Sabon Gari a 2016, wa ya taɓa jin an kira shi an mayar masa da kuɗin wata tara?

Kada wani ya ce abin da muke nema bai taɓa yiwuwa ba. A 2011 Jihar Legas ta yi dokar haya wadda ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta wajabta ba da rasit, ta ce in ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan shekara sai an ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi. Dokar ba ta cika ba, gama an cire unguwannin manya irin su Ikoyi daga cikinta, kuma masu gida da yawa sun yi mata kunnen ƙashi, domin ɗaki ya yi kaɗan mai nema ya yi yawa. Wannan ya koya mana cewa doka ita kaɗai ba ta gina ɗaki. Asusun gina gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yanka wa ma'aikata kashi biyu da rabi na albashi dominsa, nawa ne cikin masu karanta wannan jarida suka taɓa ganin ƙeyarsa? Amma rashin cikar doka ba hujjar zama babu doka ba ne.

Rasit ɗin nan ma yanzu ya zama kuɗi. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairu 2026, ta ce mai biyan haraji zai iya cire kashi ashirin cikin ɗari na hayar gidansa ta shekara, har zuwa naira dubu 500, daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Ba shaida ba rangwame. Da muka tambayi Alhaji ko yana ba 'yan hayarsa rasit, sai ya ce shi mutum ne mai amana, tsakaninsa da su ba takarda. Mun gane. Takardar da za ta rage wa ɗan haya haraji ita ce za ta nuna wa hukuma abin da mai gida yake samu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, waɗanda ba su taɓa mantawa da karɓar kuɗin ƙungiya ba, su sa wannan magana a gaba a taronsu na gaba. Kowane layi ya rubuta abin da ake biya a kowane shago, da ƙarin da aka yi cikin shekara uku, a kai wa ɗan majalisar jiha na mazaɓar a hannunsa, a ce masa ana son doka: biyan wata-wata ko na wata uku, rasit dole, notis a rubuce, da mayar da ragowar kuɗi in shago ya rushe ko ya ƙone. Kafin nan kuma, duk wanda wa'adinsa ya zo kada ya je wurin mai gida shi kaɗai, ya tafi da maƙwabtansa biyu na layi da takarda da biro.