Wa Ya Hana A Faɗa Mata?

Ɗiyar gwaggona tana da shekara 26, wata takwas da aure, aka gano sankarar mama a jikinta. Dangi suka yi karo-karo, aka sayar da gona, aka fitar da ita waje. An yi mata aiki, aka ɗora ta kan shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin daji, har zagaye shida. Ta warke, alhamdu lillahi. Sai dai tun zagaye na uku al'adarta ta ɗauke, yau shekara huɗu ba ta dawo ba. Mijin ya yi haƙurin da zai iya, ya ƙaro aure, amarya ta haihu, daga baya aka rabu ba tare da ko cacar baki ba.

An faɗa mata gashinta zai zube. An faɗa mata za ta yi amai, za ta rame. Ba wanda ya ce mata maganin nan kan ƙone ƙwan haihuwar mace, kuma ana iya ciro wasu a daskarar kafin a fara. A garin da aka yi jinyarta akwai masu wannan aiki. Ni ma da nake gabatar da shirin lafiya a rediyo ban sani ba sai da aikin gama ya gama.

Da na sani sai na kawo zancen cikin shirina. Ranar na sha magana. Wani dattijo ya kira ya ce, "Ɗiyata, haihuwa ta Allah ce, ki bar wannan zance." Na ce, "Haka ne, Baba," don ba a jayayya da babba a iska. Amma a nan zan faɗi abin da na haɗiye. Lafiya ma ta Allah ce, duk da haka mun sayar da gona mun nemi magani, ba wanda ya ce mun yi shisshigi. Manomin da ya ware damin iri ya ajiye a rumbu bai yi jayayya da mai saukar da ruwa ba.

Abin ba tsafi ba ne. Ana haihuwar ɗiya mace da ƙwai miliyan ɗaya zuwa biyu, ba ya ƙaruwa, raguwa yake, kafin ta balaga saura kamar dubu 300 zuwa 400. Ana yi mata allurai na wajen mako biyu don ƙwai da dama su nuna lokaci guda, a ciro su da siririyar allura, a ajiye cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. In ta warke, a narkar, a haɗa da maniyyin mijinta, a mayar mahaifarta. Tun 1986 aka yi haihuwar farko ta wannan hanya a Ostireliya, kuma a 2012 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina kiran sa gwaji. Na namiji ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ba allura ba fiɗa, kuma tun 1953 ake samun ciki da daskararren maniyyi. Samari nawa aka ɗora kan shimiyo ba a ce musu uffan ba, daga baya aka bi matansu da rubutu da sassaƙe?

Wasu suka ce haramun ne. Ni ba malama ba ce, amma masu faɗin haka su ma ba su tambayi malaman ba. Tun 1980 hukumar fatawa ta Masar ta halatta haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a wajen mahaifa, a 2019 kuma ta halatta daskarar da ƙwai, da sharaɗin kada a haɗa shi sai da na mijinta, cikin igiyar aure, kuma a tsare shi daga cuɗanya da na wasu. Wanda bai gamsu ba ya kawo tasa hujjar, ba tsawa ba.

Masu cewa abin Turawa ne suna da ɗan abin riƙewa. A 2014 aka ji Facebook da Apple za su riƙa biya wa ma'aikatansu mata kuɗin daskarar da ƙwai, ni ma abin bai kwanta mini ba, don kamfanin da ke son ki jinkirta haihuwa ƙuruciyarki yake so. Kuma ƙwan da aka ajiye ba jariri ba ne. Wasu ba sa jure narkarwa, wasu ba sa kamawa, kuma na mai shekara 38 ba ɗaya yake da na mai 26 ba. To amma me ya haɗa wannan da yarinyar da ke kwance ana shirin saka mata ruwa a jijiya? Ita ba aiki ta fifita a kan haihuwa ba, ciwo ne ya tare ta.

Saura maganar kuɗi, ita ce mai nauyi. Tsada ce da shi, mafi yawanmu ko kuɗin shimiyon da ƙyar. Akwai kuma ciwon da ba ya jiran mako biyu. Duk na yarda. Amma faɗa ba ya cin ko dala. Likitan da ya dubi mayafin mace da takalminta ya yanke cewa ba za ta iya ba, ya yi shiru, ya yanke hukuncin da ba nasa ba. Dangin da suka sayar da gona guda, wa ya ce ba za su sayar da ta biyu ba? Ko da ba za su iya ba, da ta shiga jinyar da saninta, ba ta kwashe shekara biyu tana ƙirga kwanaki tana shan jiƙe-jiƙe ba.

Ban faɗa mata zan yi shirin ba, ashe ta saurara. Da dare ta kira ni, muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke, sannan ta ce, "Yaya, lokacin da aka kai ni, da ma akwai wannan abin?" Na ce akwai. Ta ce to, sai da safe.