Allon Zayyana Da Darasin Ibrahim El-Salahi



Kwanan baya na halarci walimar saukar Alƙur'ani a Tarauni. Hotunan ɗalibai da aka buga da kwamfuta sun cika bango, amma allon zayyana ɗaya tak na gani, shi ma an jingine shi a lungu. Ina hanyar komawa Gyadi-Gyadi sai mai zanen nan Ibrahim El-Salahi ya faɗo mini a rai.

Mutumin Sudan ne, ɗan malamin allo, an haife shi a Omdurman a 1930. Ya karanci zane a Landan, amma da ya koma gida jama'arsa ba su kula ayyukansa ba. Sai ya waiwayi haruffan Larabci da adon allon da ya tashi yana gani. A 2013 gidan zane na Tate Modern ya baje kolin aikinsa.

Mu kuwa, da yaro ya nuna baiwar zane sai mu ce masa haramun ne, mu ja bakinmu. Alhali maganar malamai a kan surar mai rai take. Zayyana da dagi da adon bango ba su shiga ciki ba. Hani ba tare da nuna mafita ba kashe baiwa ne. Mu nuna wa ƙannenmu ƙofar halal.

Allah Ya sa mu dace, amin.